Yadda ake auna mai saye a gidajen sayar da motocin alfarma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan irin tarbar da ake yi wa mai saye a gidajen sayar da motocin alfarma, irin su Mercedes-Benz da BMW da Porsche da Lexus da Range Rover. Wani zai ce ai wannan damuwar masu hannu da shuni ce. Ba su kaɗai ba ne. Akwai wanda ya shekara da shekaru yana tari don ya sayi mota guda ta kirki, akwai ma'aikacin da kamfaninsa ya aika ya yi ciniki, akwai matar da ta zo da kuɗin guminta. Kuma duk dabarar da aka saba da ita a wurin manyan motoci, ba a daɗewa sai a same ta a wurin ƙanana.

Ƙorafin da jama'a ke yi iri biyu ne. Wasu na cewa an yi musu kallon hadarin kaji, an bar su tsaye ba wanda ya tanka musu. Wasu kuma an tarbe su hannu bibbiyu, an zaunar da su a kujera mai laushi, amma bayan sun koma gida sun duba takardu sai suka ga sun biya abin da ba su yi niyya ba. A ganinmu tushen abin ɗaya ne, wato yadda ake biyan mai sayarwa.

A yawancin irin waɗannan gidaje albashin mai sayarwa kaɗan ne, abin da yake rayuwa a kai shi ne la'ada. Kuma sau da yawa ba daga farashin motar ake cire la'adar ba, daga ribar da aka samu a kanta ne. Saboda haka duk rangwamen da ya yi maka daga aljihunsa ya fita. Ban da wannan, ma'aikatan layi suke bi: wanda ya karɓi baƙo ya ci rabonsa, sai ya koma ƙarshe ya jira. Idan ya ɓata awa biyu da mutumin da ba zai saya ba, abokin aikinsa ne zai samu mai saye na gaske da ya shigo daga baya. Ga kuma adadin motocin da aka ɗora masa ya sayar kafin wata ya ƙare, wanda in ya cika shi yake samun ƙarin lada. Wanda ke cikin wannan hali dole ya riƙa auna mutane, kuma tun kafin ka tura ƙofa ya fara. Ta gilashi ya ga motar da ka zo da ita. Da ka shigo ya dubi takalminka da agogonka da wayar da ke hannunka.

Tambayoyin farko ma ba gaisuwa ba ce kawai. "Wace mota kake hawa yanzu?" yana so ya san ƙarfinka, da ko za a yi musaya. "Lakadan ne ko biyan wata-wata?" yana so ya san inda ribar za ta fito. "Yaushe kake son ɗauka?" yana raba mai saye da mai kallo. "Akwai wanda za ku yi shawara da shi?" yana so ya san ko kai ne mai yanke magana. Ba laifi ba ne a yi waɗannan tambayoyi. Laifin shi ne abin da ke biyo baya idan aka yanke cewa ba ka kai ba: motocin da ke ɗakin baje koli suna kulle ba a kawo maka makulli, a miƙa maka takardar talla a ce ka duba sauran a intanet, ka tambayi sabuwa a nuna maka ɓangaren waɗanda aka yi amfani da su, ka nemi ɗana mota a ce inshora ba ta yarda ba, alhali yanzu wani ya fita da ita a gabanka. Mace kuwa takan yi tambaya a kan inji, a juya a ba mijinta ko ƙanenta amsa, ita a tambaye ta launin da take so.

Wannan ba zargi ba ne kurum. A shekarar 1995 wasu masana biyu a Amurka, Ian Ayres da Peter Siegelman, sun wallafa sakamakon wani bincike da suka yi a gidajen sayar da sababbin motoci na yankin Chicago. Sun horar da mutane, suka sa su shiga iri ɗaya, suka ba su kalaman ciniki iri ɗaya, suka tura su. Farashin ƙarshe da aka yanka wa baƙaƙen fata maza ya ɗara na fararen fata maza da fiye da dala dubu a kan mota guda, haka su ma mata baƙaƙen fata an yanka musu sama da na fararen maza. Mota ɗaya, magana ɗaya, fuska ce kawai ta bambanta. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan sana'a ido yana yawan kuskure, domin mai kuɗi na gaske ba kullum yake ado don zuwa sayen mota ba, kuma wanda ya sha ado ba lallai banki ya amince masa da bashi ba.

A yi adalci, mai sayarwa yana da nasa uzurin. Motar da ke da ƙarfin doki ɗari biyar ba a miƙa makullinta ga duk wanda ya shigo. Ana iya neman lasisin tuƙi a ɗauki hotonsa, a ƙayyade shekarun mai tuƙi, ma'aikaci ya zauna a gefe, a zaɓi hanyar da za a bi. Duk wannan daidai ne, muddin an rubuta ƙa'idar an kafa ta inda kowa zai gani, kuma ta hau kan kowa. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ƙa'idar da ke fitowa ga wani, ta ɓace ga wani.

Yanzu ga wanda aka ga alamar kuɗi a jikinsa, wanda shi ne ya fi bukatar buɗe ido.

A cinikin mota abubuwa huɗu ne ke kan tebur: farashin sabuwar motar, kuɗin da za a sayi tsohuwar motarka in akwai musaya, abin da za ka fara ajiyewa, da abin da za ka riƙa biya duk wata. Akwai tsohuwar dabara ta raba takarda gida huɗu a rubuta kowanne a gidansa, sannan a riƙa jan hankalinka zuwa gida na huɗu. "Nawa za ka iya biya a wata?" Da ka faɗi adadi, an gama da kai, domin ana iya kai kowane farashi ga wannan adadin ta hanyar tsawaita lokacin biya. A ɗauki misali da lissafi mai sauƙi. Bashin ɗari a kan ruwa kashi 8 cikin ɗari a shekara, in za a biya cikin wata 60, jimillar abin da za a biya ya kai kusan 122. In aka ja shi zuwa wata 84, biyan wata zai ragu da kusan kwata, mai saye ya ji daɗi, amma jimilla ta koma kusan 131. In kuma aka bar shi a wata 60 aka ɗaga ruwan zuwa kashi 10, jimilla ta haura 127. A kan motar alfarma waɗannan 'yan lambobi kuɗi ne masu nauyi. Haka nan za a iya ƙara maka kuɗin tsohuwar motarka har ka ga an yi maka alheri, a mayar da ƙarin a kan farashin sabuwar. Maganin abin shi ne a warware su ɗaya bayan ɗaya. A fara gama maganar farashin motar, da haraji da rajista da duk wani caji a ciki, a rubuce, kafin a ambaci musaya. A kai tsohuwar motar wurare biyu ko uku a yi mata kuɗi tun kafin a zo. A je banki a san sharuɗɗan da zai bayar tun daga gida. Wanda ke guje wa kuɗin ruwa ya bi ta murabaha, wato banki ya sayi motar ya sayar masa a kan ƙayyadadden farashi ya riƙa biya a hankali, shi ma ya nemi jimillar abin da zai biya a ƙarshe, kada ya tsaya ga na wata.

Sai zirga-zirgar zuwa wurin manaja. Ka yi tayi, mai sayarwa ya ce bari ya je ya roƙa maka, ya bar ka zaune. Gaskiya ne shi ba shi da ikon sallamawa, manaja ne ke riƙe da alƙaluma. Amma jiran ma yana cikin aikin: wanda ya zauna awa uku ya gaji, yana jin ya riga ya zuba lokacinsa, sai ya amince da abin da da safe ba zai amince da shi ba. In an karɓi makullin tsohuwar motarka don a duba ta, ka nemi a dawo maka da shi da zarar an gama dubawa, kafin a ci gaba da magana. Riƙe makulli hanya ce ta hana mutum tashi. Idan zagaye ya kai biyu, ka ce manajan ya zo ku yi magana gaba da gaba, in ba haka ba ka bar lambarka ka tafi. Maganar "wannan farashin na yau ne kaɗai" ko "akwai wani da zai zo da yamma ya ɗauka" wani lokaci gaskiya ce, amma ba dalili ba ne na sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

Ɗakin da ya fi kowanne haɗari shi ne na ƙarshe, ofishin bashi da inshora. A lokacin an riga an yi musabaha, mai saye ya saki jiki yana ganin saura sa hannu. A nan ake shigo da ƙarin garanti, da inshorar taya da ƙafafun mota, da maganin kare fenti, da na'urar bin sawu, da yarjejeniyar sabis ta shekaru, kowanne ana faɗin kuɗinsa a matsayin ɗan ƙari a kan biyan wata. Wasu daga cikinsu suna da amfani. Motar da ke tsaye a kan jakunkunan iska maimakon sifirin, ko mai birkin seramik, gyaranta bayan garanti ya ƙare ba wasa ba ne, don haka ƙarin garanti daga kamfanin da ya ƙera ta abin dubawa ne. Amma a tambayi abubuwa uku a kan kowanne: nawa ne kuɗinsa gaba ɗaya, wane ne zai biya in abu ya lalace, kamfanin motar ko wani kamfani dabam, kuma me aka cire daga ciki. Yawanci ba a saka abubuwan da ke cinyewa da aiki, irin su fatar birki da taya da batir. A kuma nan ne ake ƙara ruwan bashi: banki ya amince da wani adadi, gidan mota ya ɗora nasa a kai ya ci bambancin, ba tare da mai saye ya sani ba. Abin ya yi ƙamari har hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya, FCA, ta haramta irin wannan la'ada daga watan Janairun 2021. A Amurka ma, a watan Disambar 2013, hukumomi sun sa kamfanin ba da bashi na Ally ya biya dala miliyan 98, saboda an gano ƙarin ruwan da dillalai ke ɗorawa ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da na Asiya. Tambaya ɗaya ke tona wannan: "Nawa banki ya amince, nawa kuka ƙara?"

Akwai wani nau'in wulaƙanci da ya keɓanta da motocin da ba su da yawa, irin su Porsche 911 GT3 ko Mercedes G-Class ko wasu ƙirar Ferrari. Kamfani yana ba kowane gida 'yan ƙalilan, gidan kuma ya zaɓi wanda zai ba. Sai a ce wa sabon mai saye ya fara sayen wata motar da ba ya so don sunansa ya shiga layi, ko a ɗora masa ƙari a kan farashin kamfani. A shekarun 2021 da 2022, lokacin da aka yi ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci, wannan ƙari ya zama ruwan dare. Duk wanda zai ba da kafin alƙalami don motar da ba a ƙera ba tukuna, ya tabbata rasit ya nuna ko ana mayar da kuɗin in ya fasa, da ainihin farashin da aka tsayar, da lambar odar da aka tura wa kamfani, da watan da ake sa ran isowa, da abin da zai faru in watan ya wuce. In babu lambar oda, to babu mota, alkawari ne kawai.

Ranar karɓa ma ana gaggauta mutane. An lulluɓe mota da ƙyalle, an kunna fitilu, ana ɗaukar hoto, ga fom ana jira a sa hannu. A karɓi mota da rana, a waje, kafin a sa hannu a takardar cewa an karɓe ta lafiya. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, ba a sa I da O da Q a cikinta. A gwada ta ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da ta takardu, dole su zama ɗaya. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma shi ke nuna shekarar ƙirar. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Sabuwar mota mai tayar da ta shekara biyu ta daɗe a ajiye, kuma batirinta ma abin dubawa ne. Mota na iya samun ƙwarzane a jirgin ruwa ko a kan tirela, a yi mata fenti ba a faɗa ba. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti. Na masana'anta yawanci yana tsakanin maikiron ɗari zuwa ɗari biyu (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kuma in ƙofa ɗaya ta ninka 'yan'uwanta, an taɓa ta. Wasu motocin ana saka musu robobi a cikin sifirin don kada su yi tsalle a hanyar jigila, kuma wajibi ne a cire su a binciken da ake yi kafin miƙa mota. In an manta, za a ji motar ta yi tauri tana dukan ƙasa a kowane gargada. A ƙirga makullai, galibi biyu ne, a gwada kowanne, domin yin sabo sai an haɗa shi da kwamfutar motar kuma da tsada.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne ranar da garanti ya fara. Ba ranar da ka saya ake ƙirgawa ba, ranar da aka fara yi wa motar rajista ko aka shaida wa kamfani cewa ta fara aiki ake ƙirgawa. Motar gwaji, ko wadda gidan ya yi wa rajista da sunansa don ya cika adadin wata, tana iya cinye watanni na garantinta tana tsaye. A nemi a buga wannan rana daga kwamfutar kamfani. A kuma tambaya ko an ƙera motar don ƙasar da za a yi amfani da ita, domin wadda aka shigo da ita ta bayan fage kamfani na iya ƙin ɗaukar nauyin gyaranta. Sannan a tambayi waɗanne abubuwa ne a cikin motar ke aiki da biyan kuɗi lokaci-lokaci, kamar taswira da haɗin waya. BMW ta taɓa gwada karɓar kuɗin wata-wata don ɗumama kujera a wasu ƙasashe a 2022, ta janye a 2023 bayan jama'a sun nuna ɓacin rai.

Kafin ka fita za a roƙe ka abu guda: in kamfani ya aiko da tambayoyin jin ra'ayi, ka ba da cikakken maki. Dalili shi ne ladan ma'aikaci da na gidan sun rataya a kan makin, kuma a wurare da dama duk abin da ya gaza cikakke faɗuwa ake ɗaukarsa. Ta haka kamfani ke samun rahoton cewa kowa ya gamsu, alhali mutane sun fita da ciwo a zuci. Wanda aka wulaƙanta tun a bakin ƙofa ya juya, shi ba a ma aika masa tambayar, tunda bai saya ba. Muna roƙon masu saye su rubuta gaskiya, su yaba wa wanda ya kyauta da sunansa, su faɗi abin da ya ɓata.

Ga masu waɗannan gidaje da kamfanonin da ke ba su wakilci, muna tunatar da su abin da ya faru da Lexus. Toyota ta fito da ita a 1989 ba ta da suna a cikin manyan motoci. Kafin shekarar ta ƙare aka gano matsala a ƙirarta mai suna LS 400, aka janye kusan dubu takwas da aka sayar a Amurka. Dillalai suka riƙa zuwa gidajen mutane suna ɗaukar motocin, a gyara, a wanke, a cika tanki da mai, a mayar. Abin da ake tsoron zai kashe sabon suna shi ya kafa shi. Wannan ita ce kyautatawar da ake nufi, kuma tana farawa da abubuwan da ba su da wuya. A manna farashi a jikin kowace mota. Amurka ta wajabta haka ga sababbin motoci tun 1958, da dokar da Sanata Mike Monroney ya kawo. A gaishe da duk wanda ya shigo, a tambaye shi bukatarsa kafin a dubi takalminsa. A gyara tsarin biya yadda ma'aikaci ba zai yi asarar abincinsa ba don ya ba mutum lokaci. Mercedes-Benz ta koma tsarin farashi guda a Ostireliya a 2022 da Birtaniya a 2023, inda kamfani ke yanke farashi, gidan mota ya karɓi ladan miƙawa. Tsarin ya kawar da bambancin da ake yi a wurin tayi, ko da yake ya hana mai iya ciniki samun rangwame, kuma bai taɓa abin da ke faruwa a ofishin bashi da wurin musaya ba.

Wanda kuma aka riga aka ɓata masa, kada ya tsaya ga faɗa da mai sayarwa. Ya rubuta wa babban manajan gidan, ya sa rana da lokaci da abin da aka faɗa masa, ya haɗa hoton takardu da lambar shasi in ya saya, ya ba da wa'adin amsa. In wa'adin ya wuce shiru, ya aika kwafi ga ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin da ya ƙera motar, domin gidan wakili ne kuma yana tsoron abin da zai taɓa wakilcinsa. In maganar ta shafi bashi ko cajin da ba a bayyana ba, sai hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarsa. Duk alkawarin da aka yi masa da baki, na sabis kyauta ko motar aro lokacin gyara ko ƙarin makulli, ya sa a rubuta a takardar ciniki manaja ya sa hannu, domin masu sayarwa suna yawan sauya wurin aiki, kuma wanda ya gaje su takarda kawai zai duba.

Mun gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu karanta jaridarku